Injiniya Faruƙ Ya Sabunta wa Matarsa Kwamfuta

A unguwar Parkchester da ke Bronx, cikin ɗaya daga benayen nan masu jan bulo da duk kamarsu ɗaya, hawa na biyar, akwai wani bawan Allah da ake kira Injiniya Faruƙ. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, mutanen bene kuma suka karɓa don ba sa son dogon bayani a bakin lifta. Ainihin aikinsa gadi ne a wani dogon gini a Manhattan, inda wani kamfanin kwamfuta ke da ofis a hawa na goma sha tara. Shekara shida yana buɗe wa ma'aikatansu ƙofa yana jin hirarsu, don haka a ganinsa bambancinsa da su bai wuce katin da suke ratayawa a wuya ba.

Matarsa Nimatu shekara biyu ke nan da zuwanta daga Kano. Ba ta da yawan magana, in an gaishe ta a matattakala ƙasa take kallo ta amsa. Karatunta bai yi nisa ba, amma hannunta yana da kyau a ɗinki, kuma tana da keken surfani da ta saya hannun wata tsohuwa da ta rufe shagonta a Tremont. Keken ya zo da kwamfutarsa, wata baƙar laftof mai kauri da nauyi, wadda sai ta yi minti biyar tana gurnani kafin ta farka. Nimatu ba ta san sunan komai a cikinta ba. Ta dai san in ta danna nan, ta danna can, fure zai fito a allo, keke kuma ya zana shi a kan ƙyalle da zare. Kwamfutar ba ta taɓa ba ta kunya ba.

A wannan makon ne aikin da ya fi kowane girma ya faɗo mata. Hajiya Zuhura, babbar 'yar kasuwa 'yar Zangon Kumasi, za ta aurar da 'yarta Ikram ranar Asabar, ta kawo gyale talatin da shida na anko, kowanne a yi masa fure mai ruwan zinariya a gefe. Hajiya ta faɗa mata a fili cewa tela biyu ta tsallake ta zo wurinta, kuma duk matan da ke aurar da 'ya'ya a Bronx za su zo bikin su ga aikin da idonsu. In ya yi kyau, Nimatu ta shiga gari. In bai yi ba, Hajiya ba ta ƙarasa maganar ba, ta dai gyara zaman tabarau.

Zuwa ranar Litinin Nimatu ta gama goma sha huɗu, zare ya ƙare. Ta hau jirgin ƙasa mai lamba shida ta tafi Manhattan sayo wani. Da ta dawo bayan azahar, ta tarar da mijinta tsaye a tsakiyar falo, hannu a baya, yana murmushin da ta riga ta sani, wanda duk ranar da ya yi shi sai wani abu ya lalace a gidan. A kan teburin ɗinki, inda baƙar laftof take zama, akwai wata siririya mai ƙyalli, kaurinta bai kai na faifan tuwo ba.

Faruƙ ya yi mata jawabi kamar ana buɗe gada. Ya ce matar injiniya ba za ta ci gaba da aiki da kayan tarihi ba. Ya ce wannan sabuwar tana da sabuwar ƙwaƙwalwa, furosesa ake ce mata, irin wadda duniya gaba ɗaya ta koma kanta yanzu: ba ta zafi, ba ta ƙara, batirinta yana kwana biyu. Ya ce ya kwashe dukkan furanninta daga tsohuwar ya zuba a nan, kuma gyalen da ya rage, wanda ita take lissafin kwana huɗu, kafin la'asar ɗin gobe za a ninke su.

Nimatu ta ajiye ledar zare a hankali. Ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ina tsohuwar take.

“Ta yi ritaya,” in ji Faruƙ. “Ki manta da ita. Kawo kebul.”

Ta miƙa masa kebul ɗin keke, mai ƙaton kai da ƙusoshi biyu a gefe. Ya juya sabuwar dama, ya juya hagu, ya ɗaga ta sama ya leƙa ƙarƙashi. Ramuka biyu ne kacal a jikinta, kowanne ƙwayar shinkafa ta kusa cika shi. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, alamar ci gaba ce ma, ya sa takalmi ya fita.

Sau uku ya je shagunan Fordham Road a ranar. Ya sayo adafta, adaftar ta nemi wata adaftar, waccan ma ta nemi 'yar'uwarta. Kafin magariba abin da ya haɗa ya kai kamu guda, fari da baƙi da toka, ya sauko daga tebur ya kwanta a kujera. A lokacin ne maƙwabciyarsu Anti Lea, nas ce 'yar Jos mai ƙofa kusa da tasu, ta leƙo aron albasa. Ta tsaya ta ƙare wa abin kallo.

“Injiniya, wannan layin jirgin ƙasa ne kake ginawa? A ina zan hau?”

“Anti, ki tsaya kan allura da auduga. Wannan ba fanninki ba ne.”

“Ai na ga mara lafiya ne an jona masa robobi. Ya yi numfashi kuwa?”

Ya yi numfashi, amma rabi. Manhajar zane ta buɗe, bayan ta yi dogon tunani, fure ya fito a allo fes. Faruƙ ya daki ƙirji, ya ce a shaida. Nimatu ta ɗame gyale a zoben keke mai riƙe ƙyalle, ta danna inda ta saba dannawa. Keke bai motsa ba. Wani ɗan rubutu ya fito a allo, Lea ta karanta musu: kwamfuta ta ce ba ta ga wani keke ba.

Faruƙ ya juya laftof ɗin ta fuskanci keken sosai. Lea ta fita tana riƙe da ciki, ta manta albasar.

Washegari da safe ta aiko mijinta Rwang, wanda kwamfuta ce sana'arsa a wata jami'a, mutum ne mai sanyin magana da kullum jakarsa ke baya. Faruƙ bai bar shi ya wuce bakin ƙofa ba, don haka a tsaye ya yi bayani, Nimatu tana ji daga kicin. Ya ce sabuwar ƙwaƙwalwar da tsohuwar ba yare ɗaya suke ji ba. Akwai tafinta a cikin sabuwar da ke fassara mata tsofaffin manhajoji, shi ya sa zane ya buɗe. Amma akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune can ciki, ita ke haɗa kwamfuta da keke, ita kam tafinta ba ya isa wurinta. Sai wanda ya ƙera keken ya sake rubuta ta da sabon yare, kamfanin kuwa, ya duba, ya fi shekara goma da rufewa. Shawararsa ɗaya ce, a dawo da tsohuwar kwamfuta a gama aikin mutane.

Faruƙ ya saurara yana gyaɗa kai irin na mai tausayi. Ya ce ya gode, amma matsalar 'yan jami'a ke nan, littafi ya rufe musu ido. Su a Manhattan ba sa komawa baya. Rwang ya dubi agogo, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi kama bas.

Talata ta tafi a waya. Faruƙ ya kira shagon da ya sayi kwamfutar, aka ajiye shi da kiɗa minti arba'in, sannan wata mata ta gaya masa daidai abin da Rwang ya faɗa. Ya nemi shugabanta, shugaban ya maimaita. Ya tambaye su ko sun san da wa suke magana, suka ce ba su sani ba, kuma ko da sun sani keken ba zai motsa ba. Ya kashe waya ya sanar da Nimatu cewa sun amsa laifinsu.

Nimatu ta koma teburin ɗinki. Ta zauna ta ƙirga gyalen da ke cikin leda, ashirin da biyu, ta sake ƙirgawa ko za su ragu. Kowanne yana cin minti ashirin da biyar in keke na tafiya. Hajiya ta riga ta yi waya cewa za ta zo ranar Alhamis da safe ta ga inda aka kai.

Laraba ya shiga intanet neman 'yar ƙaramar manhajar da kansa. Duk shafin da ya ce masa danna nan, sai ya danna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya allo ya koma ja, wata ƙara ta tashi kamar ta motar asibiti, muryar wata Baturiya ta cika gidan tana cewa an kama kwamfutar, a kira wata lamba yanzu-yanzu. Ya danna ko'ina, murya ta ƙaru. Ya rufe murfin, ba ta daina ba. Ya kifa mata matashin kujera ya zauna a kai.

Mutanen hawa na biyar suka fito. Wata tsohuwa ta fito da kyanwarta a hannu tana tambayar ina wutar take. Lea, da ke barcin bayan aiki, ta shigo da hular gashi, ta ture shi daga kan matashin, ta danne maɓallin kashewa har abin ya yi shiru.

“Gwaji nake yi,” in ji Faruƙ. “Ina duba ƙarfin lasifika.”

“Ya yi ƙarfi. Har a mafarki na ji shi.” Ta juya ga Nimatu. “Ƙanwata, wai ina tsohuwar kwamfutarki? Ko ya cinye ta ne?”

Amsar ba daga bakinsa ta fito ba. Wayarsa ce ta yi ƙara a kan tebur, shi kuma cikin kuskure ya danna saƙon murya a lasifika. Ƙaninsa ne daga Kano, yana zuba godiya: ya ga hoton kwamfutar a zauren dangi na waya, Allah ya saka wa Yaya Injiniya, duk unguwa an san tana hanya, yaushe gangar za ta iso?

Sai a lokacin zance ya fito. Ranar Litinin, Nimatu tana fita, ya naɗe tsohuwar a bargo ya kai ta ma'ajiyar Alhaji Sumani a Morrisania, inda mutane ke cika gangunan roba da kayan da za a aika gida ta jirgin ruwa. Ya sa ta a gangar da suka daɗe suna tarawa, ya rufe, ya ɗauki hoto ya tura wa dangi. Kwantena kuma gobe Alhamis da la'asar za a loda ta.

Nimatu ta ɗaga kai ta dube shi, abin da ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ta ce, “Yallaɓai, don Allah a ɗauko ta. In an gama biki sai a mayar.”

Faruƙ ya ce ba zai yiwu ba. Kyautar da aka riga aka sanar a zauren dangi, har gwaggonsa ta sa albarka, ta yaya zai je ya zaro ta a gaban leburori? Me Alhaji Sumani zai ɗauke shi? Ban da haka ma, ya gano wata hanya. Akwai wani ɗan rami a gefen keken da ake sa kati, ba a ma bukatar kebul. Zai samo katin, wani shafi a intanet zai juya masa furen kyauta, gobe a gaban Hajiya za a ga aiki. Lea ta ce ita dai za ta zo, don ba a kallon irin wannan kyauta a ko'ina.

Ranar Alhamis ƙarfe goma Hajiya Zuhura ta iso da ƙawayenta uku, turarensu ya riga su shigowa. Faruƙ ya tare su cikin babbar rigarsa ta shadda ruwan sararin samaniya, wadda ba ya sawa sai da dalili. Nimatu ta kawo goma sha huɗun da ta gama. Aka buɗe, aka ɗaga a haske, aka shafa zaren da yatsa, ƙawaye suka ce ma sha Allah. Hajiya ta tambayi sauran.

Kafin Nimatu ta buɗe baki, Faruƙ ya shiga tsakani. Ya ce sauran an ajiye su ne da gangan, don a yi su da sabuwar fasaha a gaban mai kaya. Ya nemi a ba shi gyalen Hajiya na kanta, na uwar amarya, wanda ya fi sauran tsada kuma babu irinsa biyu. Nimatu ta ce a hankali ko a fara gwadawa a tsumma. Ya ce tsumma na masu shakka ne.

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. “Ɗana, ka tabbata?”

“Hajiya, ni da nake kwana ina tashi da kwamfuta?”

Nimatu ta ɗame gyalen a zobe. Faruƙ ya tura kati, ya danna. Keke ya yi ƙara, ya farka, allura ta fara sauka. Ya juyo ga mata ya buɗe hannu, ya ce su lura, kwana uku ana ce masa ba zai yiwu ba, har da masu digiri.

Nimatu ce kaɗai ke kallon keken, ita ta fara ganin abin. Furenta tafin hannu ne girmansa, amma wannan ganye ɗaya ya riga ya kai tafin hannu. Shafin da ya juya zanen ya kumbura shi. Zoben, wanda ya saba ɗan rausaya a wuri ɗaya, ya fara tafiya can gefe, ya dawo, ya sake tafiya da gudu. Ta ce, “Yallaɓai,” amma yana tsakiyar bayanin furosesa, ya sunkuya yana nuna wa Hajiya ramin kati, hannun rigarsa ya zubo a kan tebur. Zoben ya zo ya kwashe shi ya kai ƙarƙashin allura.

Kafin Nimatu ta kai ga maɓallin tsayarwa, keke ya yi masa ɗinki ya fi ɗari biyu, zaren zinariya, mai kyau, matsattse. Sannan allura ta daki bakin zobe ta karye.

Faruƙ ya ja hannu, gyale ya biyo shi. Ya sake ja, tebur ya motsa. Lea, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Nimatu ta kwance zoben daga jikin keke, ya zama yana lilo a hannun mijinta da gyalen Hajiya a jiki. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce a kawo almakashi. Faruƙ ya ce shaddarsa ba za a taɓa ta ba. Hajiya ta ce gyalenta ma haka, kuma in almakashi zai ci wani abu a ɗakin nan, ta san abin da zai ci. Nimatu ta ce za ta iya warware zaren ɗaya bayan ɗaya, amma zai ɗauki awa biyu. Aka ce to ya tuɓe rigar. Ya ce singileti ce kawai a ciki, ba zai tsaya haka a gaban iyaye mata ba, hannu ɗaya kuma ba ya fita ta wuya da zobe a jiki.

Nan Lea ta ga lokaci ya yi, ta zayyana wa Hajiya komai, tun daga adafta har ganga, ba ta rage ko harafi ba. Hajiya ta saurara har ƙarshe. Ta tambayi ƙarfe nawa ake loda kwantena. Aka ce la'asar. Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

“Warwara ta jira. Ka wuce gaba, Injiniya. Gyalena kuma in ya taɓa ƙasa, ni da kai ne.”

Haka aka sauko hawa biyar. Faruƙ a gaba, hannu a sama kamar mai rantsuwa, zobe na lilo, wata ƙawar Hajiya tana riƙe da jelar gyale a bayansa kamar mai rakiyar amarya. Mutanen da ke zaune a benci a tsakar unguwa suka bi su da kallo. Wani dattijo ɗan Nijar ya tambaya ko shi ne angon. Aka cusa shi a bayan motar Hajiya tsakanin mata biyu, Nimatu da Lea suka matsu a can baya, aka nufi Morrisania.

Ma'ajiyar Alhaji Sumani cike take, don ranar lodi kowa na zuwa ya ga gangarsa ta shiga. Ganguna shuɗaye sun fi sittin, an jera su har bakin titi. Faruƙ ya sauke murya ya ce wa Alhaji ana neman gangar Injiniya. Alhaji ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce shi ba shi da injiniya. Sai ya ɗago ya gane fuskar.

“A'a, Faruƙ mai gadi. Ka ce mini kai ne mana. Wannan kuma me ka ɗauro a hannu?”

Aka sami gangar a layi na uku, an riga an ɗaure bakinta. Aka yanke ɗaurin. Faruƙ ya ce kowa ya matsa, shi ya san yadda ya shirya kayansa. Yadda ya shirya kuwa shi ne, don kada kwamfuta ta bugu, ya sa ta can ƙasa, ya ɗora komai a kanta. Aka fara fito da kaya ana jerawa a kan titi: takalma, man goge baki, gwangwanayen madara, sabulai, jakunkunan makaranta, wata tsohuwar rigar sanyi da Lea ta ce ai tata ce da ta bayar tun bara a kai wa mabukata. Jama'a suka kewaye, kowa na faɗin ra'ayinsa kan abin da dangin Faruƙ za su samu.

Da aka kusa ƙasa, hannu ya daina kaiwa. Alhaji ya ce a kwantar da gangar a zazzage. Faruƙ ya ce kayan lantarki ba a zazzage su, wannan kowane injiniya ya sani. Ya taka wani kwali, ya miƙa hannun da ke da zobe can waje inda ƙawar Hajiya ke riƙe da gyale, ya zura ɗayan hannun da kansa ciki. Kwalin ya lotse.

Abin da mutanen Morrisania suka gani shi ne ƙafafu biyu a sama suna harbin iska, takalmi ɗaya ya tashi ya faɗa kan gangar wani, shadda ta kife ta rufe bakin ganga, hannu ɗaya a waje riƙe da gyalen uwar amarya kamar tuta. Daga ciki murya na fitowa, a dushe, tana cewa kada kowa ya taɓa shi, ya kusa. Wayoyi suka fito. Hajiya ba ta dubi ƙafafun ba, ta ce wa ƙawarta ta ɗaga gyalen sama kaɗan.

Maza biyu suka kama shi ta idon sawu suka zaro. Ya fito ba hula, garin madara a gemu, bargo a rungume. Nimatu ta matso ta karɓi bargon, ta buɗe, ta ga baƙar laftof ɗinta lafiya lau, ta rungume ta a ƙirji ta koma bayan Lea.

Saura caja. Ita ma aka same ta, amma a faɗuwar da ya yi gwiwar hannunsa ta sauka a kanta, bakinta ya lanƙwashe. Da aka dawo gida, Rwang ya zo ya duba, wannan karon babu wanda ya tare shi a ƙofa. Ya jona tsohon kebul, keke ya amsa nan take. Amma batirin tsohuwar ya daɗe da mutuwa, da caja kaɗai take rayuwa, cajar kuma yanzu ba ta kamawa sai an danna ta ciki an ɗan karkata ta sama. In aka saki, kwamfuta ta mutu, keke ya tsaya a tsakiyar fure. Irin wannan caja sai an yi oda, ba za ta zo ba sai Talata. Aka gwada salatif, ya saki. Aka tokare da littafi, ya zame. Rwang ya ce gaskiya sai dai mutum ya riƙe.

Duk ɗakin aka juya aka dubi mutum ɗaya.

Nimatu ta warware shi daga gyalen Hajiya, zare bayan zare, ta goge wurin da ruwan ɗumi har ramukan allura suka ɓace. Sannan ta sa masa kujera a gefen tebur. Daga la'asar ɗin Alhamis zuwa magariba, daga hantsin Juma'a zuwa yamma, Injiniya Faruƙ yana zaune da yatsa biyu a kan caja. Lea ta karɓe shi ya je masallaci, yana dawowa ta miƙa masa abinsa. Sau ɗaya ya fara bayanin yadda za a iya inganta tsarin, hannunsa ya motsa, allo ya yi ƙyafta. Nimatu ta ce, “Yallaɓai, hannunka,” bai sake magana ba sai da aka ninke na talatin da shida.

Ranar Asabar zauren biki a Tremont ya cika. Mata talatin da shida suka shigo a jere, fure na ƙyalli a kafaɗar kowacce. A ɓangaren maza Faruƙ yana cin shinkafa da cokali a hannun hagu, don na dama ya ƙi lanƙwasuwa, yana gaya wa na kusa da shi cewa aikin nan gaba ɗaya a hannunsa ya tafi, in da ya saki da babu anko. Waɗanda suka ga bidiyon ganga suka ce sun shaida.

Hajiya Zuhura ta ratso taro ta kamo hannun Nimatu daga kusurwar da ta ɓuya, ta kai ta teburin manyan mata. Ta ce ga mai aikin, duk mai biki a gaba ta karɓi lambarta yanzu, kafin layi ya yi tsawo. Uku suka fito da waya. Ɗaya daga cikinsu, mai 'ya'ya mata biyu da za a aurar bayan salla, ta shafa furen gyalenta ta ce irin wannan aiki dole da sabuwar kwamfuta ake yi, irin masu tsadar nan.

Nimatu ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin mayafinta.

“Tsohuwa ce, Hajiya,” ta ce. “Sai dai ina da injiniyan da ke riƙe mata caja.”